Magatakardan da Ya Ɓace a Cikin Gida

Hadarin ya taso daga gabas, kamar yadda hadarin Kaduna ya saba, a wani dare cikin makon farko na watan Yuli. Wajen ƙarfe 11 iska ta fara kaɗa rassan darbejiya a Unguwan Rimi. Kafin ƙarfe 1 ruwa ya fi ƙarfin kwalbatin da ke bakin layi, ya dawo da baya, ya shiga gidaje uku na gangare. A cikin wannan dare ne tsawa ta faɗi kusa, ta biyo wayar lantarki, ta ƙone rautar intanet a gidan wani injiniyan ruwa da ya yi ritaya. Da gari ya waye aka kwashe laka, aka shanya katifu, aka yi wa juna jaje. Bayan kwana biyu aka sayo sabuwar rauta, aka zare kebulolin da ke jikin tsohuwar aka soka a ramukan sabuwar, wayoyin hannu suka kama intanet, kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

A bayan gidan, a kan wani dogon bututun ƙarfe, akwai tashar auna yanayi da Injiniya ya saya da wani ɓangare na kuɗin sallamarsa, ƙirar Davis Vantage Pro2 daga Amurka. Sashenta na waje yana da mazurarin tarar ruwan sama, da ma'aunin zafi da laima, da ƙananan ƙoƙuna uku da iska ke juyawa, da ɗan faifan sola. Duk bayan daƙiƙa 2.5 yakan aika abin da ya auna ta rediyo zuwa wani allo da ke rataye a falo. A bayan allon kuma an soka wata 'yar na'ura da za ta ɓuya a tafin hannu, mai suna WeatherLinkIP, wadda kebul ya haɗa ta da rauta. Aikinta taskace bayanai. Duk rabin awa takan rubuta layi ɗaya: kwanan wata, lokaci, zafi, matsin iska, gudun iska da inda ta fito, yawan ruwan da ya sauka, da mafi ƙarfin saukarsa a cikin wannan rabin awar. Injiniya ya raɗa mata suna magatakarda, kuma duk ƙarshen wata yakan kunna tsohuwar kwamfutarsa ya kwashe abin da magatakarda ya rubuta.

Abin da ya ɓatar da hankalin kowa shi ne allon bai daina aiki ba. Yana da batura uku a cikinsa, yana kuma kan inbata, don haka ya tsallake daren tsawar lafiya lau, ya ci gaba da nuna zafi da laima kamar babu abin da ya faru. Sai a ƙarshen Yuli, da Injiniya ya zo kwashe bayanai, manhajar ta ce ba ta ga na'urar ba. Ya ɗauka laifin intanet ne. Ya kira wani yaron maƙwabta da aka ce ya iya kwamfuta, yaron ya kashe rauta ya kunna sau uku, ya ce sai dai a sayi wata. Daga nan rasuwa ta kai Injiniya Zariya, ya yi kwanaki, al'amarin ya bi ruwa.

Wasiƙar kwamitin unguwa ce ta tayar da shi. An sa ranar taro don a yanke shawara kan kwalbatin: a yashe shi kawai, ko a fasa a gina mai faɗi. Masu cewa a yashe sun fi yawa, domin sun fi sanin farashin siminti. Injiniya yana ganin kwalbatin ya yi wa layin kaɗan tun daga lokacin da aka cike filayen sama da gidaje aka shafe tsakar gidajen da intalok, amma ya yi aiki shekaru da yawa a ma'aikata, ya san cewa ra'ayin dattijo ba ya sa mutane su zura hannu a aljihu. Yana bukatar lissafi, lissafin kuwa yana cikin magatakarda. A nan ne wata lamba ta faɗo masa a rai, ya jawo ambulan ɗin wasiƙar ya juya bayansa.

Ƙwaƙwalwar wannan na'ura tana ɗaukar layi 2,560, ba ƙari. Idan ta cika ba ta tsayawa, ba ta kuma yin ƙara. Sai ta koma farkon littafi ta rubuta sabon layi a kan mafi tsufa. Mai rubuta layi duk rabin awa yana rubuta 48 a rana. A raba 2,560 da 48, a sami kwana 53 da awa 8. Ma'ana, duk layin da aka rubuta yana da wa'adin kwana 53 da awa 8, idan ba a kwashe shi ba ya tafi har abada. Allon falo ba zai yi ceto ba, domin jimillar ruwan kwana 24 na baya kawai yake riƙewa. Injiniya ya ƙirga a kalanda da yatsa. Daren ambaliyar ya cika kwana 47.

Wanda bai yi aikin ruwa ba zai iya tambayar dalilin wannan tashin hankali, tunda Injiniya yana da ma'aunin hannu na tagulla, irin mai baki inci 5, wanda yake dubawa kowace hantsi ya rubuta a littafi. Jimillar ruwan daren tana cikin littafin. Sai dai kwalbati ba ya aiki da jimilla. Milimita 1 na ruwan sama lita 1 ce a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta guda. A ɗauka milimita 60 sun sauka: lita 600,000 ke nan a kowace hekta. Idan sun ɗauki awa 10 suna sauka, abin da ke zubowa bai kai lita 17 a daƙiƙa ba, ƙaramar kwata ma za ta ɗauke shi. Idan kuwa cikin awa 1 suka sauka, ya zama kusan lita 167 a daƙiƙa daga kowace hekta, kuma inda aka rufe ƙasa da kwano da siminti kusan duka kan titi zai biyo. Littafin hannu zai rubuta 60 a duka biyun. Layukan rabin awa ne kaɗai ke bambanta su.

Ba kuma za a iya aro amsar daga wani wuri ba. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, tana da ma'aunanta a filin jirgin sama da ke bayan Mando, kimanin kilomita 20 daga tsakiyar gari. Ma'aunai ne na ƙwararru, waɗanda tashar bayan gida ba za ta kama ƙafarsu ba: ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ita ce a auna iska a tsayin mita 10 a fili buɗaɗɗe, shi kuwa bututun Injiniya katanga da bishiyar mangwaro sun tsare masa gefe guda. Amma duk wanda ya yi damina a Kaduna ya san yadda ake tafka ruwa a Kawo alhali ana shanya a Kabala. Garin yana samun wajen milimita 1,200 a shekara, yawancinsa daga irin waɗannan hadura masu zuba a wuri ɗaya su tsallake wani. Abin da ya sauka a Mando ba shaida ba ne kan abin da ya sauka a Unguwan Rimi. Injiniya ya kuma san iyakar nasa ma'aunin ta ɗaya ɓangaren. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake tasowa, kuma manyan ambaliyoyin da suka ci gidajen bakin kogi, irin na Agustan 2003 da na 2012, ruwan nesa ne ya kawo su. Ma'aunin bayan gida ba shi da ta cewa kan kogi. Kan kwalbatin bakin layi kuwa, babu shaidar da ta fi tasa.

Ya kira 'yarsa da ke aikin kula da kwamfutoci a wani banki a Abuja. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiranta da sunan ba.

"Mamana, magatakarda ya ɓace, kuma saura kwana shida ya fara cin daren nan."

Ta biyo jirgin ƙasa ranar Juma'a, ta sauka a tashar Rigasa da yamma, kwana na 50. Da safiyar Asabar, bayan karin kumallo, ta tsaya gaban allon ta miƙa hannu bayansa, domin abin da mai gyaran kwamfuta ya fara koya shi ne a cire a mayar.

"Kada ki cire shi da wuta a jiki," in ji Injiniya. "Takardar da ta zo da shi ta hana. Yana iya sanƙarewa, yana iya lalacewa."

"To Baba, sai mu neme shi inda yake."

Ta fara da abin da ido ke gani. Kebul yana soke a ramin rauta, 'yar fitilar ramin tana ƙyaftawa, alamar akwai mai rai a ɗaya ƙarshen. Ta shiga shafin rautar ta duba jerin na'urorin da ta raba wa adireshi: wayoyin hannu bakwai, talabijin, tsohuwar kwamfutar Baba. Babu magatakarda. Ta buɗe manhajar Fing a wayarta, wadda ke ƙwanƙwasa kowane adireshi a netwok ɗin gida ta ga wanda zai amsa. Jerin bai ƙaru da kowa ba. Na'urar tana nan a falo, taku huɗu daga rauta, da wuta a jikinta da kebul a bayanta, amma duk wata hanyar nema ta ce babu ita.

Don a gane yadda hakan ke yiwuwa, sai an san cewa kowace na'ura a netwok suna biyu gare ta. Na farko lambar MAC, wadda masana'anta ke bugawa a jikinta tun daga haihuwa, kamar sunan yanka. Tana da kashi shida, ukun farko na kamfanin da ya ƙera ta ne, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ke raba su. Na Davis yana farawa da 00:1D:0A. Na biyu adireshin IP, wanda yake kamar sunan titi da lambar gida, yana kuma canzawa idan an yi ƙaura. A yawancin gidaje adireshin yana farawa da 192.168, domin a 1994 aka keɓe wannan rukuni, tare da wasu biyu, don amfanin cikin gida da ofis kawai. Ba sa fita intanet, shi ya sa miliyoyin gidaje ke amfani da lambobi iri ɗaya ba tare da rikici ba. A tsarin da aka saba, lambobi ukun farko su ne titi, ta huɗu ita ce gida, kuma titi ɗaya yana ɗaukar gida 254.

Tsohuwar rautar tana zaune a 192.168.1.1, duk wanda ke gidan yana kan titin 192.168.1. Sabuwar ta zo daga masana'anta da 192.168.8.1. Wayoyi da talabijin ba su ji a jikinsu ba, saboda suna bin tsarin DHCP, wanda aka fito da shi a 1993: na'ura ta shigo ta yi sallama, rauta ta ba ta aron adireshi na ɗan lokaci, kamar mai masauki yana nuna wa baƙo ɗaki. Da aka canza mai masauki, kowa ya karɓi sabon ɗaki. Amma ana iya hana na'ura karɓar aro, a rubuta mata adireshi na dindindin da hannu, kuma masu haɗa irin wannan tasha sukan yi haka don kwamfuta ta riƙa samunta a wuri ɗaya kullum. 'Yar ta tambayi Baba ko an yi hakan. Ya ce wani ɗan ƙaninsa ne ya haɗa ta shekarun baya, ya ga dai ya buga wasu lambobi, bai rubuta su ko'ina ba, kuma yanzu yana ƙasar waje.

Mutanen Kaduna sun san irin wannan. Titin da aka fi sani da Waff Road, sunan da ya samo asali daga rundunar sojan mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma, ya daɗe da komawa Muhammadu Buhari Way, amma har gobe idan ka ce wa mai Keke ya kai ka Waff, zai kai ka, domin yana riƙe da sunayen biyu a kansa. Rauta ba ta da wannan kirki. Idan kwamfutar Baba, wadda yanzu take kan titin 8, ta nemi wani gida a titin 1, sai ta duba ta ga ba titinta ba ne, ta miƙa wa rauta saƙon a matsayin na bayan gari. Rauta ta tura shi waje, a can kuma a yar da shi, tunda adireshin cikin gida ne. Fing ma gidaje 254 na titin 8 kawai ya ƙwanƙwasa.

Saura a san lambar da ɗan ƙanin ya buga. Ana iya yin canke, a gwada 192.168.1 da 192.168.0 gida bayan gida, kuma sau da yawa a dace. 'Yar ta zaɓi ta yi shiru ta saurara. Ta haɗa kwamfutarta ta cinya da rautar da kebul, ta kashe Wi-Fi, ta buɗe Wireshark, manhajar da Gerald Combs ya fara fitarwa a 1998 da sunan Ethereal, wadda ke nuna duk abin da ke wucewa ta kan waya. Dabarar ta dogara ne da wata tsohuwar ƙa'ida mai suna ARP, wadda David Plummer ya rubuta a 1982. Kafin na'ura ta aika wa maƙwabciyarta saƙo dole ta san lambar MAC ɗinta, kuma hanyar sani ita ce ta yi shela ga kowa da kowa a kan wayar: wane ne mai adireshi kaza, ya gaya wa mai adireshi kaza. Shelar ba ta san titi ba. Duk wanda ke jone da rautar yana jin ta, ko da ba zai amsa ba.

Magatakarda an ƙera shi ne ya riƙa ƙoƙarin aika bayanai da kansa zuwa shafin kamfanin a intanet. Injiniya bai taɓa buɗe asusu a can ba, don bai yarda da ajiyar da ba ya gani ba, amma na'urar ba ta san da wannan ba. Don ta fita waje sai ta bi ta ƙofar rauta, ƙofar da ta sani kuwa ita ce ta da. 'Yar ta tace dubban layukan da ke gudu a fuskar kwamfutar ta bar na ARP kawai, ta jira. Can sai ga layi ya fito daga wata lamba mai farawa da 00:1D:0A: wane ne mai 192.168.1.1, ya gaya wa 192.168.1.50. Babu amsa. Jim kaɗan ya sake fitowa, kalma bisa kalma.

Ta juya kwamfutar ta nuna wa Baba. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

"Wato kwana 51 yana cigiyar rautar da ta ƙone?"

"Yana cigiya, Baba, kuma a cikin cigiyar yana faɗin inda yake."

Daga nan aikin bai ɗauki minti biyar ba. Ta rubuta wa kwamfutarta adireshin wucin gadi, 192.168.1.20, wato ta yi ƙaura zuwa tsohon titin da babu kowa a kai sai magatakarda. Ta buga 192.168.1.50 a burauza, sai ga shafin saitin na'urar, fari fat, babu ado, da lambobin ɗan ƙanin a cikin akwatunansu. Hannunta ya nufi wurin da za ta mayar da shi kan DHCP. Baba kuma, da ya ga hanya ta buɗe, sai ya ce tunda an samu a rage tazarar rubutun daga minti 30 zuwa minti 5, domin ruwan Kaduna yakan yi ɓarnarsa cikin kwata ɗaya na awa. Kowannensu ya kusa yin kuskure a fannin da ya fi ƙwarewa. Canza adireshi kafin a kwashe bayanai caca ce: idan wani abu ya karkace, an sake ɓatar da abin da aka samu da ƙyar, ga wa'adi saura kwana biyu. Canza tazara kuwa ya wuce caca, domin a wannan na'ura umarnin canza tazarar rubutu yana share ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Shi ne ya fara tuna ƙa'idar ma'aikatarsu ta da, cewa ba a taɓa ma'auni sai an karanta shi an rubuta. Ita kuma ta tuna ta bankinsu, wadda ba ta bambanta ba.

Sai suka kwashe tukuna. Manhajar WeatherLink tana magana da na'urar ta kafa mai lamba 22222, ta ba ta kwanan wata da lokaci, ta ce a ba ta duk abin da aka rubuta bayan wannan. Kowane layi bayit 52 ne, don haka littafin duka, layi 2,560, bai wuce bayit 133,120 ba. Hoton biki ɗaya a waya ya ninka shi sau da yawa. Suka zuba ido lambar shafuka tana hawa. Da ta kammala, 'yar ta ajiye kwafi a kwamfutarta, ta sa wani a filashi, ta tura na uku ta imel, sannan suka gangara farkon jerin. Layi mafi tsufa ya faɗo kwana biyu da 'yan awoyi kafin daren ambaliyar. Daren yana nan cikakke. Amma tsakanin kwashewar ƙarshen Yuni da wannan layi akwai kwanakin farkon Yuli da magatakarda ya riga ya rubuta a kansu. Waɗannan sun tafi. Abin da ya rage nasu shi ne jimillar hantsi a littafin hannu, kuma Injiniya, wanda bai taɓa samun giɓi ba tun da ya kafa tashar, ya ɗauki jan biro ya ja layi a gefen kwanakin, ya rubuta dalili.

Kafin su amince da lokutan da ke jikin layukan, ta gwada agogon allon da na wayarta. Ya yi gaba da 'yan mintuna. Baba ya hana ta gyarawa sai da ya rubuta bambancin a littafi, domin da zarar an gyara babu mai iya sanin nawa za a cire daga tsofaffin layuka. Ta kuma leƙa saitin canjin agogon bazara ta tabbatar a kashe yake. Kayan da aka ƙera don Amurka da Turai suna da wannan saiti na tura agogo gaba da awa ɗaya a wasu watanni, Najeriya kuwa awa 1 take gaban agogon GMT daga Janairu zuwa Disamba, kuma tashar da aka bar wa wannan saiti a kunne za ta yi ta ƙaryar awa guda tsawon damina ba tare da kowa ya lura ba. Akwai wani tarko makamancinsa da Injiniya ya faɗa a shekararsa ta farko. A ƙarƙashin mazurari akwai ɗan ludayi mai baki biyu kamar sikeli, idan gefe ɗaya ya cika sai ya tuntsire, maganaɗisu ya ƙirga ɗaya. Wani ludayin yana tuntsirewa a milimita 0.2, wani a kashi ɗaya cikin ɗari na inci, wato milimita 0.254. Idan aka gaya wa allo wanda ba shi ba, lissafin shekara duka zai karkace da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ma'aunin tagulla ne ya tona wannan a lokacin, shi ya sa har yau bai yi masa ritaya ba.

Layukan daren sun faɗi abin da Injiniya ya zata, sun kuma ƙara da abin da bai zata ba. Fiye da rabin ruwan ya sauka ne a cikin layi biyu kacal, ɗaya kafin sha biyun dare, ɗaya bayanta. Da yake allon yana rufe lissafin rana da tsakar dare, ya raba hadari ɗaya gida biyu, kowace rana ta fito da adadin da ba zai tayar wa kowa hankali ba. Jimillar na'urar kuma ta ɗan gaza ta ma'aunin hannu, abin da aka sani ne game da ludayi mai tuntsirewa: idan ruwa ya yi ƙarfi, wanda ke zubowa a daidai lokacin da ludayin ke juyawa ba ya shiga lissafi. Injiniya ya ɗauki jimillar daga tagulla, ya ɗauki rabon lokaci daga magatakarda, ya auna faɗin filin da ke zubo wa kwalbatin a taswirar waya, ya zauna da kalkuleta har la'asar.

Sai bayan nan aka zo kan gyaran adireshi, kuma a nan hanyoyi uku ne, ba kuma daidai suke ba. Mafi sauƙi a mayar da sabuwar rauta kan titin 192.168.1, kowa ya dawo inda magatakarda yake. Wannan ɗage matsalar ne zuwa tsawa ta gaba. Ta biyu a rubuta masa sabon adireshin dindindin a titin 8, wato a sake ɗana tarkon da aka fito daga ciki. Ta uku ita 'yar ta bi: ta mayar da shi kan DHCP, sannan ta shiga rauta ta ce duk lokacin da mai lambar MAC kaza ya yi sallama a ba shi 192.168.8.50, kada a ba kowa wannan ɗaki. Kwamfutar Baba za ta riƙa samunsa a wuri ɗaya, idan kuma wannan rautar ma ta ƙone, alƙawarin ɗakin zai ƙone tare da ita, amma magatakarda zai yi wa sabuwar sallama ya bayyana a jerinta kamar kowa. Ta danna, shafin ya ɗauke, ta mayar da kwamfutarta kan titin 8, ta sabunta jerin rauta. Ya fito a ƙasan talabijin. A Wireshark cigiyar ta canza lamba, kuma wannan karon an amsa.

Ta so ta kawo masa 'yar kwamfutar Raspberry Pi da manhajar WeeWX, wadda za ta riƙa kwashe kowane layi da zarar an rubuta shi. Ya ce ta bari sai ya ga yadda zai yi da abin da yake da shi. Ƙarin na'ura ƙarin abin ɓacewa ne. A kan tazara suka yi ciniki. Minti 5 zai cika ƙwaƙwalwar cikin ƙasa da kwana 9, abin da tafiya Zariya ɗaya za ta cinye. Suka tsaya a minti 10, wanda ke ba da kwana 17 da awa 18 da ɗoriya. Manhajar ta yi gargaɗin cewa za a share komai, Baba ya sake tambaya ko kwafin uku suna nan, ta ce suna nan, ya ce bismillah. Ta sa masa ƙararrawa a waya duk Juma'a bayan sallah, ta kuma yanki kwali ta rubuta lambar MAC, da adireshin, da lambar kafa, da tazarar, da kwanan wata, ta manna shi da salatif a bangon da ke bayan allon.

Ranar Lahadi ya raka ta Rigasa. Ranar Talata bayan isha'i ya shiga taron kwamiti da takarda ɗaya, layuka goma sha biyu na daren a sama, lissafin lita a daƙiƙa a ƙasa, da faɗin da kwalbatin yake da shi a gefen faɗin da yake bukata. Takardar ta zaga hannu zuwa hannu. Wani ya ce ai ruwa irin wannan ba kullum ake yin sa ba, Injiniya ya ce gaskiya ne, kuma shekarun da ya tara ba su isa ya faɗi sau nawa zai dawo ba. Ma'ajin kwamiti ya juya takardar ya ga bayanta fari, ya ciro biro, ya tambayi buhu nawa na siminti ake magana.